Sharhi: Jinyar taɓin hankali da wutar lantarki, mi take yi wa ƙwaƙwalwa kuma wa ya dace a yi wa?

Tun ranar 10 ga watan Oktoba, da munka gabatar da shiri kan ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne saƙon murya daga wani ɗan yankin Allela da ke bida a Abijan. Ƙanensa, saurayi ɗan shekara ashirin da ƴan kai, ya kusa shekara biyu yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, daga baya anka ƙetara da shi wani asibiti a Najeriya. Ya sha magani wata da watanni ba wani sauƙi, yanzu har ya bar ci ya bar magana. Likita ya ce a sa hannu a yi masa jinya da lantarki. Tsohuwarsu ta ce ita ba a ƙone wa ɗanta kai tana raye. Shi kuwa wan yana tambayarmu: ya aiko da kuɗin, ko ya ce a maido yaro gida?

Mu ba likitoci ba ne, kuma ba daga ɗakin watsa shiri ake yanke wa marar lafiya hukunci ba. Amma tambayar wanga bawan Allah tambayar gidaje da yawa ce daga Ƙwanni zuwa Malbaza da Illela, musamman yanzu da kaka ta yi, anka samu ɗan abin kai marar lafiya asibiti. Shi ya sa munka ga ya dace mu baje abin da masana sunka tabbatar, da daɗinsa da ɗacinsa.

Wace cuta ake magana?

A bakinmu duk sunanta guda, hauka ko taɓin hankali. A wurin likitoci kuwa iri-iri ce. Wadda ta kama wanga saurayi ita suke kira sikizofireniya. Alamunta sun haɗa da jin muryoyi, da tsayawa kan wani zato da ba mai iya kawar da shi, kamar a ce ana bin sa za a kashe shi ko an sa masa guba a fura, da magana marar kan gado, da janye jiki daga mutane har ya bar wanka ya bar gona. Ta fi kamawa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu, kuma takan riga bayyana ga maza.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 kimanin mutum miliyan 24 ke ɗauke da ita, wato kusan mutum 1 cikin 300. Ku auna da garinku: ƙauye mai mutum 3,000 ba abin mamaki ba ne a samu goma. Hukumar ta kuma ce sama da biyu cikin uku na masu irin wanga ciwo a duniya ba su samun kulawar masana. Akwai gado a ciki, akwai wahalar rayuwa, kuma shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin kamuwa.

Maganin farko ƙwaya ce ko allura. A 1952 likitoci a birnin Paris sunka fara amfani da Largactil, a 1958 kuma anka samo Haldol a Beljiyam. Har yau su ne anka fi samu a asibitocinmu. Aikinsu rage ƙarfin wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira dopamin, wanda yawan motsinsa a wasu sassa ke da hannu wurin jin muryoyi da mugun zato. Mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi da su. Sai dai kusan mutum ɗaya cikin uku maganin ba ya kama shi yadda ake so. A kan waɗanga ne maganar lantarki ke tasowa.

Asalin abin

A 1934 wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Ladislas Meduna ya ɗauka cewa farfaɗiya da wagga cuta ba su zama jiki guda. Sai ya riƙa yi wa majinyata allurar kafur don ya tada musu jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga baya an gano zaton nasa ba daidai ba ne, amma wasu daga cikin majinyatan sun samu sauƙi. A watan Afrilu na 1938, a birnin Roma, Ugo Cerletti da Lucio Bini sunka fara tada jijjigar da lantarki maimakon allura. Mutumin farko da anka yi wa, mai sikizofireniya ne da ƴan sanda sunka tsinta yana gararamba a tashar jirgin ƙasa.

Tsoron tsohuwar nan yana da tushe. A shekarun farko ido biyu ake yi wa mutum, ƙarti na danne shi. Jiki kan yi fizga mai ƙarfi har ƙashin baya ya tsage, muƙamuƙi ya goce, haƙori ya karye. An kuma yi amfani da ita a wasu gidajen mahaukata na Turai da Amurka don horon wanda ya cika rigima. Wannan tarihi ne ya ɓata mata suna. Daga shekarun 1950 anka shigo da allurar barci da allurar sassauta tsoka, abin ya canza kama.

Yadda ake yin ta idan an bi ƙa'ida

Likitocinmu masu Faransanci suna ce mata elektiroshok, a Najeriya kuma ECT. Marar lafiya zai kwana bai ci komi ba, kamar mai shirin tiyata. Za a duba zuciyarsa da hawan jininsa. Mai ba da allurar barci zai sa shi barci, a ƙara masa allurar da ke sakin tsokar jiki, a sa masa iskar numfashi, a sa roba tsakanin haƙora. Sannan a ɗora ƴan faifai biyu a kai, ko dai gefe da gefe ko kuma duk a ɓangaren dama. Wutar da ake saki ba ta kai ampiya ɗaya ba, kuma daƙiƙoƙi kaɗan take yi. Ita ke tada jijjiga cikin ƙwaƙwalwa ta kimanin rabin minti zuwa minti guda. Saboda allurar da anka yi, abin da ido ke gani bai wuce ɗan motsin yatsun ƙafa ko na fuska ba. Bayan ƴan mintoci mutum ya farka, bai san an yi ba.

Ana yi sau biyu ko uku a mako. Galibi zama 6 zuwa 12 ne, amma mai sikizofireniya yakan buƙaci fiye da haka.

Abin lura a nan, jijjigar ce magani. Wutar ashana ce kawai da ake kunna ta da ita. Ba ta ƙona ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawanta ma fata da ƙoƙon kai ke tarewa. Don haka kada wani ya haɗa ta da jan wutar da ke kashe mutum a jikin waya. Kada kuma wani mai maganin gargajiya ko mai kemis ya ce zai gwada da batir ko janareta. Wannan kisan kai ne.

Mi ke faruwa cikin ƙwaƙwalwa?

Shekara sama da 80 ana wagga jinya, har yanzu masana ba su haɗu kan bayani guda ba. Amma akwai abubuwa huɗu da bincike ya sha nunawa.

Na farko, ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙarfin birkinta. Duk lokacin da anka tada jijjiga, ita da kanta ke yunƙurin kashe ta, da sinadaran da ke kwantar da jijiyoyi. Shaidar haka ita ce, idan zama ya yi nisa sai likita ya ƙara wuta kafin jijjigar ta tashi. Masana da dama na ganin wanga birki ne ke lafar da sassan da sunka yi zafi fiye da kima.

Na biyu, sinadaran da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su, irin su dopamin da serotonin, yanayin aikinsu yana sauyawa bayan jinyar.

Na uku shi ne wanda hoton IRM ya nuna. Can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunne, akwai wani ɗan sashe mai suna hipokampus. Shi ne kamar rumbun da ake fara zuba sabon abin da mutum ya gani ko ya ji kafin ya zauna a tunaninsa. A jikin masu sikizofireniya da yawa wanga rumbu ya ɗan fi na sauran mutane ƙanƙanta. Bayan jinyar lantarki, hotuna sun nuna yana ƙara girma kaɗan. An fi ganin haka ga masu ciwon baƙin ciki mai tsanani, an kuma gan shi ga masu sikizofireniya. A jikin dabbobin gwaji an ga sabbin ƙwayoyin jijiya da sabbin mahaɗai suna tsirowa, tare da ƙaruwar wani sinadari da ke yi wa jijiyoyi aikin taki. Sai dai girman yakan koma yadda yake bayan wasu watanni, kuma ba lallai wanda rumbunsa ya fi girma shi ya fi samun sauƙi ba.

Na huɗu, hanyoyin da sassan ƙwaƙwalwa ke magana da juna suna sake tsari. A wagga cuta wasu hanyoyin sun cika cunkoso, wasu kuma sun yi shiru, kamar tashar da wata ke shiga mata cikin zango har murya biyu su haɗe. Binciken hoto ya nuna jinyar tana taɓa wanga tsari, musamman tsakanin goshi da sassan da ke ciki.

Wa take yi wa amfani?

Ba kowane mai taɓin hankali ake yi wa ba, kuma ba da ita ake farawa ba. Inda ta fi nuna ƙarfinta shi ne halin da likitoci ke kira katatoniya: mutum ya sandare wuri guda, ba magana, ba ci, ba sha, in an ɗaga masa hannu ya bar shi a sama. Wanga hali yana kisa, ta ƙishirwa da yunwa da daskarewar jini a ƙafa. Ana fara gwada magunguna dangin Valium. Idan ba su yi ba, lantarki na cikin abubuwan da sunka fi saurin tada mutum. Haka nan ga wanda ke neman halaka kansa ba a iya jiran magani ya kama, da macen da hankalinta ya gushe bayan haihuwa ciwon ya tsananta.

Ga wanda magani ya ƙi kamawa kuwa, shaidar ta rabu biyu. Akwai wata ƙwaya mai suna kulozapin da ake ajiye wa irinsu. A 2015 likitoci a New York sun wallafa gwajin da sunka yi kan mutum 39 da ita ma ba ta wadatar da su ba. Rabin waɗanda anka haɗa wa ƙwayar da lantarki sun samu sauƙi a fili, cikin waɗanda anka bari kan ƙwayar kaɗai kuwa ba ko ɗaya. Amma a birnin Sao Paulo na Barazil an yi wani gwajin inda wasu majinyatan barci kawai anka sa su ba tare da an saki wuta ba, su ba su sani ba, kuma ba a ga wani bambanci tsakaninsu da waɗanda anka yi wa ta gaske ba. Duka gwaje-gwajen ƙanana ne. Abin da za mu ɗauka shi ne, jinyar tana taimakon wasu, ba ta taimakon wasu. Likitan da ya ce tabbas za a warke ya faɗi abin da ya fi ƙarfin saninsa.

Wani abu kuma, ba ta tumɓuke cutar. Tana kwantar da ita ne. Wanda anka yi wa ya dawo gida ya bar shan magani, galibi ciwon na dawowa cikin watanni.

Illolinta

Babbar illa ita ce mantuwa, kuma ba abin rainawa ba ce. Da an farka akwai ruɗewa, ciwon kai, ciwon jiki, wani lokaci tashin zuciya. Cikin makonnin jinyar mutum kan kasa riƙe sabon abu, a gaya masa magana da safe ya mance kafin azahar. Wannan yakan wuce bayan makonni. Amma akwai waɗanda ke rasa tunawa da abubuwan da sunka faru watanni kafin jinyar, wasu ma har shekaru, kuma ga wasunsu ba ya dawowa. Ka ga mutum an yi bikin ƙanwarsa da shi, ya ce shi bai san an yi ba. Sa faifai a ɓangaren dama kaɗai yana rage wagga illa. Game da rasa rai, lissafin da anka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kimanin sau 2 cikin zama 100,000, kusan daidai da haɗarin allurar barci ta ƙaramar tiyata. Mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, dole a gaya wa likita tun farko.

Wannan lissafi na inda ake bin ƙa'ida ne. Likitocin Najeriya da kansu sun rubuta cewa a wasu asibitocin ƙasar an daɗe ana yin ta ba allurar barci, saboda ƙarancin masu ba da allurar da tsadar kayan aiki. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina yin ta haka. A watan Oktoba na 2023, ita da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sake jaddada cewa sai da allurar barci, sai da yardar mai jiki bayan an yi masa bayani, kuma kada a yi wa yara.

Mu nan ina muka tsaya?

Gaskiyar magana, mafi yawan masu taɓin hankali a yankinmu matsalarsu ba ta kai ga lantarki ba, don ko ƙwayar farko ba su samu ba. Sashen masu taɓin hankali da kowa ya sani a ƙasar nan, Pavillon E na babban asibitin Yamai, yana da nisan sama da kilomita 400 daga Ƙwanni. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayyar Najeriya da ke Kware, kan hanyar Illelar Najeriya zuwa Sakkwato, bai kai kilomita 100 ba. Shi ya sa ƙafar mutanenmu ta fi karkata kudu.

Mun ga abin da dogaro da ƙetare ke jawowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, magunguna sun yi wuya. Sai a watan Maris na 2024 anka sake buɗewa. Watanni bakwai da ɗoriya ke nan. Mai ciwon da allurarsa ta wata-wata ce, ko dai iyalinsa su bi ta daji da babur, ko su zuba ido ciwo ya dawo. Da yawa a lokacin ne anka koma ga mari da turke.

Maganar mari kuwa kada mu yi kamar ba mu sani ba. Akwai gidaje a garuruwanmu da ke da ɗaki a can ƙurya, an ɗaure wani ciki shekara da shekaru. Iyayen ba mugaye ba ne, dabara ce ta ƙare musu. A watan Satumban 2019 ƴan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali a ƙasashe 60. Abin tambaya gare mu: ya anka yi muke jin tsoron jinyar minti guda a cikin barci, amma sarƙar shekara biyar ba ta tada mana hankali?

Najeriya ta sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayani a nemi yardarsa. Duk wanda ya kai ɗan uwansa can, ya san yana da bakin tambaya. A gida kuma, abin da ya kamata magadan gari da ƴan majalisar shawara su matsa a kai shi ne a horar da ma'aikatan CSI su iya gane cutar, kuma a samu ƙwayar da allurar wata-wata kusa da mutane. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP don wanga aiki, wato malamin asibiti na ƙauye ya iya fara jinya ba sai an jira babban likita ba. Tun 1954 ma Dakta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali cikin gari, danginsa na tare da shi, masu maganin gargajiya na ba da hannu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne duka, da hana abinci, da cewa a zubar da ƙwaya.

Kafin a sa hannu

Ga ɗan uwanmu na Abijan da duk mai irin damuwarsa, ga abin da za ku sa wanda ke wurin ya tambayi likita, ko ku kira ta WhatsApp a ba ku shi ku ji da kunnenku. Wane magani anka gwada, har tsawon wane lokaci, kuma an tabbata yana haɗiyewa? Mi ya sa ake ganin lantarki ya dace da shi yanzu? Za a yi masa allurar barci da ta sassauta tsoka, kuma akwai mai ba da allurar a wurin? An duba zuciyarsa? Zama nawa ake sa ran yi, kuma nawa ne kuɗin gaba ɗaya har da na maganin bayan sallama? An yi wa shi marar lafiyan bayani gwargwadon yadda zai fahimta? Idan anka ce ba allurar barci, ku nemi a tura ku inda ake da ita. Mai tambaya ba ya ɓata.

Yaron da ya bar ci ya bar sha, maido shi gida a wanga hali haɗari ne babba, ya fi haɗarin jinyar da anka yi bisa ƙa'ida. Wannan a gaya wa tsohuwa cikin lalama, a kuma bar ta ta je ta ga ɗakin da idonta.

Ku kuma ƴan uwa da ke Legas, Kwatano, Abijan, Libiya da Aljeriya, mun san da guminku ake jinyar gida. Kuskuren da munka fi gani shi ne a aiko da kuɗi mai yawa sau ɗaya lokacin da ciwo ya tashi, da an ga sauƙi a ɗauke hannu. Wagga cuta irin hawan jini ce da ciwon suga, ɗan kaɗan na kowane wata ya fi mata amfani. Ku sa mutum guda amintacce ya riƙe maganin, ya riƙe takardar asibiti, ya san ranar komawa. Idan kun ji an ce jikinsa ya sandare, yana rawar hannu ko yana zubar da yawu, sau da yawa illar ƙwayar ce kuma likita na da abin gyara ta. A koma asibiti, kada a daina sha. A nisanta shi da wiwi da taramol. In ya samu sauƙi a ba shi aiki, ko ban ruwan albasa ne ko kiwon ƴan awaki, a kuma daina kiransa da sunan ciwonsa.

Layinmu a buɗe yake. Wanda ya taɓa raka ɗan uwansa anka yi masa wagga jinya, ko shi kansa anka yi wa, ya aiko mana da abin da ya gani, mai daɗi ko marar daɗi. Ba za mu faɗi sunan kowa ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada.